Tsamiyar Da Na Ƙi Gogewa

Ba zan taɓa mantawa da kukan lasifikar nan ba. Wani siririn ƙara ne mai ratsa haƙori, kuma ta yi shi daidai lokacin da na buɗe baki zan yi sallama. Mutane suka toshe kunnuwa, wani ya tashi ya murɗa wani abu a jikinta, ta yi shiru. Da ina da wayo da na ɗauki wannan a matsayin gargaɗi, na koma na zauna. Amma a lokacin shekaruna ashirin da shida, ina riƙe da takarda mai shafi goma sha biyu, kuma na yarda har cikin zuciyata cewa ban taɓa rubuta abin da ya kai ta kyau ba.

Bari in koma baya kaɗan. Ina karatun digiri na biyu ne, bincikena kuwa a kan haƙƙin mata ne a karkara: yadda gado yake isa hannunsu, da yadda ake jin muryarsu a sha'anin gari, yanzu da zamani ke sauyawa, waya ta shiga kowane gida, 'yan takara kuma suka gano cewa mata ma suna da ƙuri'a. Na zaɓi Karaye da Rogo ne saboda ƙawar mahaifiyata, Anti Saude, tana koyarwa a wata firamare a Rogo, Umma kuma ta ce in ba gidanta ba, babu inda zan sauka. Haka na tafi da jakar baya, da tulin takardun tambayoyi masu ƙananan akwatuna na "e" da "a'a", da zuciyar da ta riga ta gama tausaya wa matan da ban taɓa gani ba. (Ni da ko ganyen gyada ban iya bambantawa da na wake ba.)

Makonni biyun farko ban samu komai ba sai ruwan randa da addu'a. Idan na ce, "Inna, kina jin ana tauye miki haƙƙi?" sai a ce, "Wane haƙƙi, 'yar nan? Gyara zama, akwai tururuwa a nan." In cika akwati, in yi godiya, in fito.

A haka Anti Saude ta kai ni gidan Iya Hanne, a wani ƙauye ta hanyar Beli. Tsohuwa ce siririya, mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta man gyada da ƙuli-ƙuli. Ita ma ba ta ba ni komai ba. Na tambaye ta ko tana shiga harkar siyasa, ta ce, "Ni da ko taron suna sai an ja ni." Na sa alama a akwatin "a'a". Da tambayoyin suka ƙare, ita da Anti suka shiga hirarsu, ni kuma hankalina ya tafi kan kwalaben man da ta jera a bakin ɗaki. Hantsi ya ratsa su, kowace ta zama kamar an ɗura mata rana. Na juya bayan takardar na fara rubutu. Wannan tsohon ciwona ne, tun ina sakandare.

"Me kike ta zanawa kuma, bayan kin ce kin gama?" in ji Iya Hanne.

Cikin kunya na karanta mata layi biyun da na rubuta a kan kwalaben. Ta dube ni na ɗan lokaci, hannunta bai daina aiki ba.

"Ke dai kina son magana mai kyau," in ji ta.

Na ɗauka yabo ne. Na ji daɗinsa har washegari.

Bayan kwana uku ta aiko wa Anti Saude cewa a mayar mata da 'yar bokon nan. Na same ta a tsakar gida tana juya niƙaƙƙiyar gyada a turmi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan, mai yana tasowa a hankali. Bayan mun gaisa ta nuna wayata da haɓa.

"Kunna abin naki."

Na kunna. Ta ce mahaifinsu ya rasu ya bar su su biyu, ita da ƙaninta Ado, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kuma bar gona. Shekara ashirin da wani abu ke nan ba a raba ta ba. Shi yake nomawa.

"Gonar da ke da tsamiyar nan da aradu ta tsaga biyu," in ji ta. "Duk kaka yana aiko mini da dawa da gyada. Bai taɓa fashi ba, ko shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Kada ki je ki rubuta cewa ya hana ni."

"To mene ne damuwar, Iya?"

"Kyauta yake yi mini daga cikin abin da yake nawa. Ni kuma in yi godiya." Ta tsane mai da ludayi ta zuba a roba. "'Ya'yana uku, duka mata. Ni da nake yayarsa, na goya shi a bayan nan, na kasa buɗe baki. Su da suke durƙusa masa suna cewa Kawu fa? In na kwanta dama ba a raba ba, shi ke nan, dawar ma 'ya'yansa ba lallai su tuna ba."

Na ce me zai hana ta same shi ta gaya masa, tunda addini ya ba ta rabonta, malamai kuma ga su nan a gari. Ta yi wata 'yar dariya.

"A ce Hanne ta tsufa ta tashi raba kan gida? Kowa ya san abin da littafi ya ce, 'yar nan. Bakin da zai fara faɗa ne babu."

Sau uku ta ambaci tsamiyar a hirar nan. Ta ce a ƙarƙashinta take ajiye Ado idan ta kai wa mahaifinsu abinci. Ta ce tun da aradu ta tsaga ta, kowane ɓari yake 'ya'ya abinsa. Ni kuwa na san na samu abin da na zo nema. Da zan tafi na riƙe hannunta na ce, "Iya, wannan amana ce. Babu wanda zai san ke ce. Zan sauya sunanki."

"Sauya abinki," in ji ta.

Na koma Kano na zauna rubutu. Na sa mata suna Binta, na ɓoye sunan ƙauyen, na rage mata shekaru biyar. A ganina na gama cika alkawari. Sai na rubuta jimlar da har yau idan na tuna ta nakan rufe ido: "A tsakiyar gonar akwai tsamiyar da aradu ta raba biyu cikin ƙiftawar ido, amma 'yan Adam sun shekara ashirin sun kasa raba ƙasar da take tsaye a kai." Na karanta wa kaina ita ya fi sau goma. Na karanta wa ƙanwata. Na karanta wa Umma tana tsakiyar yanka alayyahu.

Malamar da ke duba aikina, wadda muke kira Dakta, mace ce mai ƙarancin magana da jan biro. Ta zagaye jimlar, ta rubuta a gefe: "Goge wannan. Ba suna kaɗai ke nuna mutum ba." Na goge ta daga kundin Turanci, ina jin kamar na cire haƙori mai lafiya.

To, Dakta tana da wata ƙa'ida. Ta ce wanda ya je ya ɗebo maganar mutane, dole ya koma ya karanta musu abin da ya samo, da harshensu, a gabansu. Tun ranar farko nake gaya wa duk wadda na yi hira da ita cewa za a yi wannan taro. Da na zauna shirya takardar Hausa, sai tsamiyar ta dawo tana kallona. Na ce wa kaina tsamiya ai ta cika duniya, aradu kuma ba a gona ɗaya ta taɓa faɗawa ba. (Haka 'yar birni take tunani. A wurina bishiya bishiya ce. Ban san a ƙauye da bishiya ake kwatance ba.) Na mayar da ita. Na kuma yi abin da ya fi wannan muni. Zancen dawa da gyadar da ake aikowa duk kaka, na ga yana rage wa labarin ɗaci, yana ɓata mini tsari. Na cire shi.

An yi taron wata Asabar da hantsi, a ɗakin taron wata makaranta a Karaye. Anti Saude ce ta haɗa sunayen waɗanda za a gayyata daga ɓangaren Rogo, tunda ita ta san mutane. Akwai dagatai biyu, da malamai, da wasu ma'aikatan ƙaramar hukuma, da manoma. Maza a dama, mata a hagu. Na duba cikin matan ban ga Iya Hanne ba, na ɗan ji babu daɗi, domin na so ta ji yadda na ƙawata maganarta.

Lasifika ta yi kukanta ta gama, na fara. Shafukan farko sun tafi lafiya, mutane suna gyaɗa kai, wasu suna fifita da takardar shirin taro. Na zo kan labarin Binta. Na sassauta murya, na ja numfashi, na karanta jimlata a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Ɗakin ya yi tsit. Fifita ta tsaya. Kuma, Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne: ta shige su.

Sai wani dattijo a layin gaba, wanda da alama kunnensa ya yi nauyi har bai san ƙarfin muryarsa ba, ya karkata ga na kusa da shi ya ce, "Ashe zancen gonar su Malam Ado ake yi."

Babu wanda ya juya. Da haka na gane shi. Kowa ya samu abin kallo, wani silin, wani takalminsa, wani tagar da babu komai a bayanta, aka bar mutum ɗaya a layi na uku wanda babu idon da ya bi ta kansa. Dattijo ne mai farin gemu kaɗan, da farar riga wankakkiya. Goshinsa irin na Iya Hanne ne sak. Na yi ƙoƙarin ci gaba, haruffan suka ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Ya miƙe a hankali. Bai nemi makirufo ba.

"Malama, a yi mini afuwa, na katse ki. Wannan da kike faɗa yayata ce. Ita ta goya ni."

Na ce, "Baba, ai ban ambaci suna ba." (Wannan ita ce amsar da mai neman digiri na biyu ta iya samowa.)

"Haka ne, ba ki ambata ba." Ya dubi takardar da ke hannuna. "Ina da tambaya ɗaya. A cikin takardar taki, akwai inda aka ce ko sau ɗaya kaka ta wuce ban kai mata abinci ba?"

Na dubi takardar kamar amsar za ta tsiro a kai.

"Babu, Baba. Ta ce ba ka taɓa fashi ba."

"Ta faɗa?"

"Ta faɗa."

"Amma ba ki karanta ba."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar masa da farashin da ya riga ya sani, ya gyara hularsa.

"Gidana ba shi da nisa da nata. Da kin taka kin tambaye ni, da na ba ki ruwa kin sha. Allah Ya ba da sa'ar karatu."

Ya yi wa dagatai sallama, ya fita. Ƙarar takalminsa kawai ake ji har ya kai ƙofa. Da ma zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Saura shafi huɗu ban karanta ba. Dakta ta miƙa hannu ta karɓi makirufo, ta gode wa jama'a, ta roƙi wani malami ya rufe da addu'a. Lemon da muka sayo aka raba shi cikin shiru, matan suna karɓa suna sawa a mayafi ba tare da sun dube ni ba. A mota Dakta ba ta yi mini faɗa ba. Mun kusa fita gari ta ce, "Matar ta ba ki abu biyu. Kin ɗauki wanda ya yi miki kyau."

Washegari na hau babur zuwa ƙauyen, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya, iska tana kwashe su. Na san labari ya riga ni. Na same ta tana murza tunkuza tana jefawa a mai. Na durƙusa, na gaishe ta, kuka ya ƙwace mini kafin in kai ga jimlar farko.

"Tashi, mai zai fallatsar miki," in ji ta. "Kin karanta?"

"Na karanta, Iya. Na ci amanarki."

"Har da tsamiyar?"

"Har da ita."

"To." Ta juya ƙulin. "Yana wurin?"

"Yana wurin."

"Dawar da yake aiko mini fa, kin faɗa?"

Na sunkuyar da kai na ce ban faɗa ba. A nan ne hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa.

"Wannan kam ba ki kyauta ba. Na ce miki kada ki rubuta ya hana ni. Yaron nan bai taɓa barina da yunwa ba."

Yaron da take nufi ya haura sittin. Ta ƙulla mini ƙuli a leda, ta ce in gaida Saude. Na tafi ina mamakin yadda tonon asirin gaba ɗaya bai sa ta ɗaga kai ba, sai zancen dawa. Na ce a raina ko tsananin ɓacin rai ne ya sa ta rasa ta inda za ta fara.

Mijin Anti Saude ya raka ni wurin Malam Ado. Ya karɓe mu a zaure, ya sa aka kawo ruwa, ya saurari ban haƙurina har ƙarshe. Ya ce ya wuce. Da muka miƙe ya ƙara da cewa, "Sai dai tun ranar na kasa taka ƙofar gidanta. Ban san da wace fuska zan shiga ba." Daga baya na ji har Sallah ta zo ta wuce bai je ba, matarsa ya aika. 'Yan'uwa biyu da suka rage wa juna a duniya, ni na shiga tsakaninsu da jimla ɗaya, don kawai ta yi daɗin faɗa.

Na gama digirin. Na mayar da dawar cikin kundin, a wurinta. Kunya ta hana ni komawa Rogo, idan Anti Saude ta kira kuma nakan kauce wa zancen. Abin da na koya dai na riƙe shi: yanzu duk jimlar da na ji ina sonta fiye da kima, nakan tsaya in tambaye ta wa za ta taka kafin ta iso wurin mai karatu. Yawanci akwai wani. Kuma idan na je hira, nakan taka har gidan wanda ake magana a kansa, in sha ruwansa.

Bayan shekara huɗu Anti Saude ta kira ta ce Allah Ya yi wa Iya Hanne rasuwa. Wannan karon na je. A ƙofar gida na ga Malam Ado a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, ya rame, idonsa ja. Na yi masa ta'aziyya daga nesa, ya amsa, ban sani ba ko ya gane ni.

Da muka fito Anti ta ce mu bi ta bayan gari. Muka yi 'yar tafiya a cikin gonaki, sai ga tsamiyar. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Ba ta kai girman da na ba ta a rubutu ba, ɓari ɗaya ma ya fara bushewa. Daga gefenta wani layin ciyawar gamba ya miƙe har ƙarshen gonar.

"Iyaka ke nan," in ji Anti. "Kaka biyu bayan taronku ya kira malamai da kansa, aka zo da igiya aka auna. Nan nasa, can nata. 'Ya'yanta ke nomawa yanzu. Tsamiyar ta ce a bar masa. Ranar da aka gama ya shiga gidanta, suka daɗe a ɗaki, ba wanda ya san me suka ce."

Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai ɓarnar da na yi ba ta tafi a banza ba. Anti ta dube ni ta gefen ido.

"Ke har yanzu kina nan a kan ke kika yi?"

Na ce ban gane ba.

"Ta hana ni faɗa tana raye. Ni ina na san Malam Ado da zan gayyace shi taron 'yan boko? Ita ta ce in sa sunansa, in kuma tabbatar takardar gayyatar ta shiga hannunsa. Kafin ma ta ce in mayar mata da ke, sai da ta tambaye ni sau biyu ko da gaske za ki karanta a gaban mutane. Na ce mata ai za ki sauya suna, ba wanda zai gane. Ta ce, 'Bar ta ta sauya. Yarinyar da ta tsaya yi wa kwalbar mai waƙa ba za ta iya yar da tsamiya ba.'"

Takardar tambayoyinta tana nan a cikin akwatina har yau, da layi biyun kwalabe a bayanta. A gaban tambaya ta tara, ko tana shiga harkar siyasa, alamar da na sa da hannuna tana kan "a'a".